Lantarki da Ƙwarangwal ɗin Ƙwayar Halitta: Amsoshi Daga Idi-Araba

Bayan la'asar wani dattijo mai sayar da goro a Idi-Araba ya tare ni, ya miƙo mini wayarsa. Ɗan ƙanensa na fama da kansar ƙwaƙwalwa, kuma an turo masa bidiyo a WhatsApp na wata hula da aka ce tana yaƙar cutar da lantarki. Ya ce, "Malam, gaskiya ne ko damfara ce?" Kafin in gama yi masa bayanin yadda lantarkin hular ke taɓa ƙwarangwal ɗin ƙwayar halitta, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, mutane sun taru, kowa da tasa tambayar. Ga su nan yadda na amsa.

Wai ƙwayar halitta ma tana da ƙashi?

Ba irin ƙashin da mahauci ke sara ba. Zarurruka ne na furotin, iri uku, da ke riƙe da siffar ƙwayar daga ciki. Mafi siranta shi ne aktin, kaurinsa kamar nanomita 7. Sai dangin keratin, kamar nanomita 10. Mafi kauri shi ne bututun da ake ginawa da furotin ɗin tubulin, nanomita 25. In ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita.

Ku dubi gorar da magina ke ɗaurawa jikin bene a nan Legas: yau a ɗaure ta nan, gobe a kwance a kai gaba. Haka bututun tubulin yake, yana tsawo yana rushewa cikin 'yan mintuna, kuma da wannan ɗauri da kwancewar ne ƙwaya ke tafiya, take kuma rabuwa gida biyu.

To ina ruwan lantarki da su?

Caji ne ya haɗa su. Aktin da tubulin duka suna ɗauke da caji nagetif, irin alamar da ke gefe ɗaya na batir. Tubulin ma har da 'yar wutsiya cike da wannan cajin, kuma cajin bai bazu daidai a jikinsa ba, don haka idan ya shiga filin lantarki, wato sararin da ƙarfin lantarki ke ja ko turawa, sai filin ya nemi juya shi kamar allurar kamfas. A ɗakin gwaji an ga bututun yana matsawa zuwa ɓangaren fozitif.

Amma cikin jiki lamarin ya fi haka wuya. Ƙwaya cike take da ruwan gishiri, gishirin kuma yana lulluɓe cajin furotin ɗin, ya rage masa tasiri daga tazarar kamar nanomita ɗaya. Ga kuma fatar ƙwayar, wadda ke tare lantarkin da ba ya juyawa da sauri.

Jiki yana da nasa lantarkin ne?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Tun 1843 wani masani ɗan Jamus, Emil du Bois-Reymond, ya auna lantarki yana fita daga yanka a yatsarsa. Yanzu an san cewa a bakin rauni ana samun fili mai ƙarfin milibolt 40 zuwa 200 a kowace milimita (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt). Ƙwayoyin fata na jin wannan filin, sai su tara aktin a gefen da ke fuskantar tsakiyar raunin, su rarrafa su rufe shi. A 2006 Min Zhao da abokan aikinsa suka gano wasu ƙwayoyin gado biyu da ke sarrafa wannan tafiyar. Duk wanda wuƙa ta taɓa yanka a kasuwar Mile 12 ya ga fatar ta haɗe, wannan aikin ya gudana a hannunsa bai sani ba. Ikon Allah ke nan.

Hular bidiyon fa?

Baba, akwai ta. Sunan na'urar Optune, ta kamfanin Novocure wanda Farfesa Yoram Palti ya kafa a Isra'ila a 2000. Ana aske kai, a manna faifai huɗu a fata, su riƙa aika fili mai juyawa sau 200,000 a sakan ɗaya, da ƙarfin bolt 1 zuwa 3 a kowace santimita. A wannan saurin filin yana ratsa fatar ƙwaya. Lokacin da ƙwayar kansa za ta rabu, bututun tubulin ne ke jera kamar igiyoyi su ja kayan gado zuwa gefe biyu, kuma an ga filin yana dagula wannan jerin har rabuwar ta lalace. Masana na gardama kan ko tubulin ɗin ne kai tsaye ake turawa, domin lissafin wasu ya nuna ƙarfin ya yi kaɗan, shi ya sa ake duba wani furotin mai suna septin.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011, ta faɗaɗa a 2015, kan wata kansar ƙwaƙwalwa da ake kira glioblastoma. A babban gwajin da aka buga a 2017, matsakaicin tsawon rayuwar masu amfani da ita tare da magani ya kai wata 20.9, waɗanda suka sha magani kaɗai kuwa wata 16. Ƙarin kwana ne mai daraja ga iyali, amma ba warkewa ba ce, kuma sai an sa ta aƙalla awa 18 kullum, bayan tiyata da gashin kansa da haske (radiotherapy) da magani.

Mu da ke zaune ƙarƙashin manyan wayoyin wuta a Agege fa?

Wutar Najeriya sau 50 take juyawa a sakan, kuma filin lantarkin da ke cikin iska ɗan kaɗan ƙwarai ne ke shiga jiki. Bai kai ya motsa tubulin ba. Abin tsoro a wurin shi ne tsinkewar waya, da gobara, da jan wuta ga mai hawa rufin kwano. Wannan kaɗai ya isa a guji gini a ƙarƙashinsu.

Na'urorin tausa da ake tallatawa a kasuwa suna wannan aikin?

A'a. Su tsoka suke girgizawa, ba su da saurin juyawa ko tsarin waccan na'urar. Na roƙi Baba kada a kashe kuɗin jinya a kansu, ya tafi da bidiyon wurin likitan yaron, ya fara tambayar wace irin kansa ce aka gano a gwaji.