Farar da haƙora: hanyoyinsa da yadda ake zaɓa

Farar da haƙora wani ɓangare ne na aikin likitan haƙori wanda ya shafi kwalliya, wato a sauya launin haƙori daga rawaya ko ja ko ruwan ƙasa ya koma fari. Hanyoyin da yawa ne, kuma wacce za ta yi wa mutum aiki ta dogara ne da abin da ya ɓata launin tun farko, shi yasa mutum biyu za su sayi magani iri ɗaya, ɗaya ya ga canji ɗayan kuma kuɗinsa ne kawai ya tafi.

Haƙori yana da ɓawo mai tauri daga waje da ake kira inamel, a ƙarƙashinsa kuma akwai dentin wanda shi asalinsa ma rawaya-rawaya ne. Dattin da goro da shayi da kofi da taba ke bari a saman ɓawon yake zama, irin jan nan da ake gani a bakin dattijo mai cin goro tun safe, ko na furen taba da mata suke gogawa a haƙori don ado. Wannan shi ne mafi sauƙi, hanya ta farko, wankin haƙori a asibiti, wato a kankare dattin da ya daskare a gindin dasashi sannan a goge, yana cire mafi yawansa a zama ɗaya. Amma akwai launin da daga ciki yake. Yaron da aka ɗura wa maganin tetarasaikilin kafin ya kai shekara 8 haƙoransa na iya fitowa da zane-zane masu ruwan toka, haka wanda ya tashi yana shan ruwa mai sinadarin fuloraid da yawa, kamar yadda aka sani a yankin Langtang na jihar Filato, za ka ga ɗigo-ɗigon fari kamar alli ko tabo mai ruwan ƙasa. Irin wannan ko buroshi goma ka karya da makilin ba zai fita ba.

Hanya ta biyu ita ce ta sinadari. Ana amfani da haidirojin feroksaid ko kabamaid feroksaid, suna ratsa ɓawon su wargaza abin da ke riƙe da launin. A 1989 ne likitoci biyu a Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana tsarin da ake yi a gida: likita ya auna bakin mutum ya yi masa robar da ta dace da haƙoransa, mutumin ya riƙa zuba kabamaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana kwana da ita na wasu makonni. Akwai kuma wanda ake yi a kujerar likita da sinadari mai ƙarfi sosai, a rufe dasashi tukuna don kar ya ƙone, cikin kamar awa ɗaya an gama. A Tarayyar Turai tun 2012 doka ta ce duk abin da ya wuce kashi 0.1 na haidirojin feroksaid sai ta hannun likita, iyakarsa kashi 6, kuma ba a yi wa ɗan ƙasa da shekara 18. Matsalar da aka fi samu ita ce haƙora su riƙa tsami in an sha ruwan sanyi, yawanci kwana kaɗan ne ya wuce. Sannan sinadarin ba ya taɓa ciko ko haƙorin roba, to wanda ke da ciko a gaba zai iya tashi da haƙori kala biyu, kuma mai kogo ko ciwon dasashi dole a fara yi masa magani, mai ciki ma ana ce mata ta bari sai ta haihu.

Ta uku ita ce biniya, wani siririn marfi na tangaran ko na roba da ake manna wa a fuskar haƙori. Wani likita a Kalifoniya, Charles Pincus, shi ya fara yi wa 'yan wasan Hollywood a 1928, lokacin na ɗan lokaci ne a cire bayan ɗaukar hoto. Yanzu na tangaran yana kai shekara 10 zuwa 15, kuma yana rufe tabon da sinadari ya kasa. Sai dai fa yawanci ana kankare kusan rabin milimita na inamel kafin a manna, kuma inamel in ya tafi ba ya dawowa, ke nan mutum ya ɗaura aure da marfin har ƙarshen rayuwarsa, duk sanda ya lalace sai an sake wani. Gaskiya abin tausayi ne a ga budurwa mai lafiyayyun haƙora ta je an fiƙe mata su saboda biki, alhali wanki kawai take buƙata.

Haɗe-haɗen gida kuwa, gawayi da lemon tsami da hodar soda ta girki, su ne suka fi yawo a WhatsApp. Ranar farko haƙori zai yi ƙyalli, amma tsamin lemon yana cin ɓawon ne gawayin kuma yana kankare shi, in ɓawon ya yi siriri sai rawayar dentin ta ƙara fitowa fili. Asuwaki bai cikin wannan sahun, yana cire dattin sama in ba a dirza da ƙarfi ba, amma ba ya sauya launin ciki. Kuma ko wanki aka yi ko sinadari farin yana dusashewa a hankali, mai goro da shayi nasa ya fi saurin komawa.