Waiwaye: Yadda ake raɗa wa sabon tsiro suna

Kafin 1753, sunan tsiro a wajen malaman Turai doguwar jimla ce ta Latin, kowa da irin tasa. A shekarar ne Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da littafinsa Species Plantarum, ya rage suna ya koma kalma biyu: ta dangi da ta jinsi. Har gobe daga wannan littafi ake fara lissafin sunayen tsirrai masu fure.

Raba su gida-gida ne ya fi ba da wuya. Linnaeus ƙirga siraran zaren da ke ɗauke da ƙurar fure ya yi, ya fitar da rukuni 24. Dabara ce mai sauƙi ga mai yawon daji, sai dai takan haɗa waɗanda ba su haɗa komai ba. A 1789 Bafaranshe Antoine-Laurent de Jussieu ya ce a dubi tsiro gaba ɗayansa, daga iri har 'ya'ya.

Da binciken ƙwayoyin gado ya shigo, sai asiri ya tonu: kama da wane ba ta wane ba ce. Furen ruwan nan na Asiya, Nelumbo, an daɗe ana ɗaukarsa ɗan'uwan bado, ashe ya fi kusa da manyan bishiyoyin Platanus. Wata ƙungiyar masana tsirrai da ake kira APG ta fitar da sabon tsarin rarraba tsirrai masu fure a 1998, bugu na huɗu kuma a 2016, mai iyalai 416.

Yau wanda ya ci karo da sabon tsiro sai ya matse reshe mai fure tsakanin takardu, ya busar, ya liƙa a kwali, ya ajiye a ma'adanar busassun tsirrai. Wannan reshen shi ne shaidar sunan. Sannan ya wallafa bayanin abin da ya bambanta shi da danginsa. Daga 1935 har ƙarshen 2011, dole ne bayanin ya zo da Latin. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne, ta Ostireliya, a 2011 ne ya yarda da Ingilishi da wallafa ta intanet. Kusan sababbin jinsi 2,000 ake raɗa wa suna kowace shekara.

Rigima kuwa ba ta ƙarewa. Da aka gano cewa dangin Acacia ba tsatso ɗaya ba ne, taron masanan da aka yi a Vienna a 2005 ya bar wa bishiyoyin Ostireliya sunan, don sun fi yawa. Masanan Afirka da dama sun ji haushi, kuma a ganina da gaskiyarsu, tun da a kan bagaruwa aka kafa sunan tun farko. Yanzu Vachellia nilotica ake kiranta.