Waiwaye: Yadda iyaye a Tahoua suka karɓi ragamar lakwal

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, cikin yara ɗari da suka isa karatu, waɗanda suka ga cikin aji ba su kai biyar ba. A ƙauyukan Adar, wato yankin Tahoua, ana kallon lakwal a matsayin abin Nasara, har yau dattawa na ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu idan masu ɗaukar yara sun iso gari.

An yi gwaje-gwaje. A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa, amma azuzuwa kaɗan abin ya kai. A 1973 aka buɗe makarantar farko a Damagaram inda yaro ke soma karatu da harshen gida kafin Faransanci. Dokar ilimi ta fito a 1998, sannan shirin shekara goma na raya ilimi, wato PDDE, ya biyo baya a 2003. Makarantu suka yawaita, aka ɗebi malamai 'yan kwantiragi masu ƙaramin albashi, yara suka cika aji. Sai dai a gari da yawa makarantar ta gwamnati ce kawai. Mushe ya zo ko bai zo ba, uban yaro ba ya ganin yana da ta cewa.

A nan Tahoua ta shigo labarin. A 2004 hukumar JICA ta Japan da ma'aikatar ilimi suka fara wani shiri a jihar don raya kwamitocin kula da makarantu, waɗanda ake kira COGES, daga baya CGDES. Kwamiti dai ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne zaɓe a asirce. Da, maigari ko darekta ke nuna wanda zai shugabanci iyaye, kowa ya yi shiru don kunya. Da aka ce kowa ya jefa ƙuri'arsa ba wanda ya gani, sai mutanen da gari ya amince da su suka fito. Ana tara gari gaba ɗaya, maza da mata, a lissafa abin da makaranta ke bukata, a tsara aikin shekara. Wani ya kawo tiyar hatsi, wani kara, wani ƙarfinsa. A ƙarshen shekara a sake zama a karanta abin da ya shigo da inda ya tafi. A ganina wannan karanta lissafi a bainar jama'a shi ya riƙe shirin, domin talaka ba ya ƙyashin bayarwa idan ya san inda ɗarinsa ta faɗa. Zuwa 2007 an yaɗa tsarin a duk ƙasar.

Akwai abin da kwamiti ba ya iyawa shi kaɗai. Yunwar 2005 ta nuna haka: rumbu ya ƙare, maza sun tafi bida Abijan ko Libiya, yara suka bi iyaye mata neman abinci, aji ya watse. Shi ya sa abincin makaranta da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato PAM, ke tallafawa yake da nauyi, musamman wajen makiyayan Abalak da Cintabaraden, inda yaro zai zauna iyayensa su wuce da dabbobi. Yaran da shekarun shiga suka wuce su, daga 8 zuwa 12, an yi musu hanyar gaggawa ta wata tara: wata biyu da harshen gida, saura da Faransanci, sannan a mayar da su lakwal.

Sai gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna ilimin yaran firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya tayar da hankali. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da ke gama firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Yaro ya yi shekara shida yana kwafe allo cikin kaye, bai san me ya rubuta ba. Kwamitocin suka juya ga wannan: a gwada kowane yaro, a faɗa wa iyaye sakamakon a taron gari, a raba yara gwargwadon abin da suka iya, a samu ɗan gari mai karatu ya zauna da su da yamma suna lissafi.

Abin da ya rage mai ciwo shi ne ajin zana, wato ajin da ake ginawa da kara. Ana buɗe makarantu a Oktoba, amma sai an gama girbi ake samun karan gini, kuma ruwan farko na sauka aji ya tashi. Ɗan talaka na asarar watanni kowace shekara ta nan. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a irin wannan aji a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamba kuma wata ta ci fiye da 20 a Maraɗi. Hukumomi da kansu sun ƙiyasta azuzuwan zana kusan 36,000 a ƙasar. Iyayen Adar sun kawo kara da hatsi shekara ashirin ba su gaza ba, siminti da kwano kuwa sun fi ƙarfin aljihunsu, baitulmali ne ya kamata ya ɗauka.