Hoton ciki ba ya ƙona jariri

Har yanzu akwai matan da ke gudun a ɗauki hoton cikinsu a asibiti, wai hasken na'urar yana ƙona jariri ko ya tsotse masa jini. Wasu ma mazajensu ne ke hana su. Wannan tsoro ya samo asali ne daga haɗa sikanin, wato wannan hoton ciki, da eksire, alhali aikinsu ya sha bamban.

Eksire, wanda masanin kimiyya Bajamushe Röntgen ya gano a 1895, da hoton CT, wato eksire mai haɗe da kwamfuta, su ne ke aiki da haske mai ratsa jiki, shi ya sa ake tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a yi mata. Sikanin ciki kuwa sauti ne zalla, mai tsinin da kunne ba ya ji. Ma'aikaciya ta shafa mai mai sanyi a ciki, ta ɗora kan na'urar, sautin ya shiga ya dawo kamar amsa-kuwwa, kwamfuta ta mayar da shi hoto. A allo za ki ga zuciyar ɗanki tana bugawa.

Tun 1958 likita Ian Donald ya bayyana amfanin sikanin a birnin Glasgow na Birtaniya. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi sau ɗaya kafin mako 24. Da shi ake gane tagwaye, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da mabiyiyar da ta tare hanyar haihuwa, wadda kan jawo zubar jini mai kisa. Yanzu har an ƙera ƙananan na'urori da ake jonawa da wayar hannu, ungozoma ta kai su ƙauye.