Akwai Mudun da Ake Auna Mawaƙa da Shi?

Musun nan ba ya ƙarewa a teburin mai shayi, daga Tudun Wada har Samaru: wane mawaƙi ne ya fi kowa?

Shin ana iya auna gwanintar makaɗi?

Ana iyawa, matuƙar maganar hannu ce. Ka tsaya kusa da mai kalangu a wajen biki a cikin birnin Zariya ka lura. Yana matse igiyoyin gangar a hammatarsa sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka, har kalangun ya furta kirarin mutum yadda baki zai faɗe shi, domin Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Wanda hannunsa bai faɗa ba, kiɗansa amo ne kawai, kuma tsohuwar da ke bakin zaure ma za ta gane. Haka 'yan amshi: ko sun shigo a kan gaɓa ko sun makara, ko numfashin jagora ya kai ƙarshen ɗango, wato layi ɗaya na waƙa, ko ya yanke. Wannan kunne ne ke shaidarsa, ba son zuciya ba.

To me ya hana a jera su daga na ɗaya zuwa na goma?

Ba aiki ɗaya suka yi ba. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsarkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ba shi da ɗan amshi, amma da ita ya yi wa talakawa da masu ƙananan sana'o'i waƙa har ta zauna a bakin mutane. Musa Ɗanƙwairo kuwa makaɗin fada ne mai kotso, shi da 'yan amshinsa suna saƙa baiti, wannan ya ɗauko wancan ya ƙarasa. Mamman Shata ba shi ke kaɗa kalangun ba, makaɗansa ke yi, ƙarfinsa na ga murya da iya ƙaga waƙa nan take a tsakiyar fili. Barmani Coge ta riƙe taron mata da kiɗan ƙwarya. In ka ce tsarin amshi ne ma'auni, ka zalunci Ɗanmaraya. In ka ce iya sarrafa kayan kiɗa ne, ka fitar da Shata daga gasar tun ba a fara ba.

Digirin girmamawa da yawan masu kallo fa?

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin dakta na girmamawa a 1988, kuma ya cancanta. Shaida ce ta gudummawarsa ga harshe, ba a ce ya zo na ɗaya a jarrabawa ba. Alƙaluman YouTube kuwa yawan masu waya da data suke ƙirgawa.

Kenan ra'ayin kowa daidai yake?

A'a, nan ne raina ke ɓaci. Wasu matasa kan ce "kowa da gwaninsa" don su kashe zancen. Ni ban yarda ba. Wanda ya ce wane ya fi wane azanci, sai ya kawo hujja: ga inda ya yi habaici ba tare da ya kama suna ba, ga inda zambonsa ya yi cizo, ga karin maganar da ya juya ta zama sabuwa. In ƙanena ya tayar da musun, nakan ce ya zaɓo makaɗan fada biyu, ko masu kukuma biyu, mu saurare su a jere, sannan ya nuna mini ɗangon da ya sa ya fifita ɗaya.