Dalma a ruwan rijiya: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita min

Tun da na fara jan hankalin mutane kan haɗarin gubar dalma a rijiyoyin da ke kusa da tsofaffin kududdufan haƙar kuza a Bukuru da Rayfield, tambaya ɗaya sai a yi min ita sau goma. Ga amsoshin wuri guda.

Idan na tafasa ruwan fa?

A'a. Ƙwayoyin cuta tafasawa ke kashewa. Dalma ba ta bin tururi, ruwan ne ke raguwa ita ta zauna a tukunya.

Ruwan rijiyata garau yake, ba wari ba ɗanɗano.

Haba Hajiya! Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma mikrogiram 10 ce a lita ɗaya (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), asinik, wata gubar da kan shiga ruwa, ma haka. Wane ido zai ga wannan? A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 dalma ta kashe, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje, ba wanda ya gan ta. Amma ki kwantar da hankali, ba kowace rijiya ce ta gurɓace ba. Ki ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ki kai ɗakin gwaji.

Alif ko 'ya'yan zogale?

Laka suke kwantarwa. Kada a dogara da su.

Zan iya haɗa mataci a gida da ganga da gawayi?

To Malam, nan sai an bi a hankali. Gawayin mataci kama ƙarfen yake yi ya manne a jikinsa. Ana gasa ɓawon kwakwa ko itace, a bi shi da tururi mai zafin kusan digiri 800 zuwa 900 har ya cika da ƙananan ramuka. Idan aka haɗa faɗin cikin ramukan giram ɗaya na irin wannan gawayi, yakan kai murabba'in mita ɗaruruwa. Gawayin murhu bai kai ko kusa ba. Gawayin ƙashin shanu ya fi kama dalma da kadmiyam (wani ƙarfe mai guba), asinik kuwa tsatsar ƙarfe yake bi. Ka ga dole ka san abin da ke ruwanka tukuna. Ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara sun nuna alamar aiki a ɗakunan gwaji, sai dai can ana auna tsamin ruwan, ana auna lokaci. Ruwa mai tsami yana rage kamun, mai laka yana toshe ramukan, wanda ya wuce da gudu kuma bai ba gawayin dama ba. Don haka yashi a sama, ruwa ya riƙa tsiyaya sannu. Abin da ya fi damuna shi ne gawayin yana ƙoshi, idan ya cika sai ƙarfen ya riƙa wucewa ba alama, wani lokaci ma ya saki wanda ya kama. Kana iya gwadawa, amma a auna ruwan kafin tacewa da bayanta, a kuma riƙa maimaitawa. Idan da jariri ko mai juna biyu a gidan, a nemo musu ruwan sha daga wani wuri har sakamako ya fito.

Tsohon gawayin, in zuba a lambu?

Don Allah kada ka yi! Gubar da ka tara za ka mayar wa kabeji da latas. Ƙulle shi a leda mai kauri, nesa da rijiya da hannun yara, kuma kada ya shiga murhu.