Kasafin kuɗin mazauna birni: abin da doka ta tanada da inda ake tuntuɓe

Kusan kowace hukumar birni tana da wata hanya da take cewa tana sauraron jama'a da ita: akwatin shawara a ƙofar ofis, taron jin ra'ayi sau ɗaya a shekara, ko shafi a intanet. Mutum ya rubuta cewa a sa fitila a lungunsu, a yi masa godiya, shi ke nan. Babu abin da ya wajabta wa kowa ya karanta, balle ya amsa, balle kuma ya fitar da kuɗi. Akwai tsarin da aka ƙirƙiro don toshe wannan kafa. Ana ware wani yanki na kasafin kuɗin birni, mazauna su kawo ayyukan da suke so, su zaɓa da ƙuri'a, hukuma kuma ta aiwatar ko tana so ko ba ta so.

An fara shi a birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil a 1989, zamanin magajin gari Olívio Dutra. Daga nan ya bazu. Ƙasar Peru ta mayar da shi dole ga jihohi da ƙananan hukumomi da doka mai lamba 28056 a 2003, Koriya ta Kudu ta bi sahu a 2011. Wasu biranen sun ɗauke shi ne don raɗin kansu, kamar Niyu Yok, inda kansiloli huɗu suka fara a 2011, da Faris, wadda ta ware masa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin manyan ayyukanta lokacin da ta fara a 2014. Amma dokar da ta fi sauƙin fashin baƙi ita ce ta ƙasar Folan, domin gajera ce kuma ta taɓo duk gaɓoɓin da ake rigima a kansu.

Abin da dokar Folan ta ce

A watan Janairun 2018 aka yi wa dokar ƙananan hukumomi ta 1990 kwaskwarima, aka ƙara wasu sakin layi a sashe na 5a. Manyan biranen da ke da matsayin gunduma, su 66, ya zama dole su yi wannan kasafi kowace shekara. Sauran garuruwa suna da zaɓi, amma idan suka shiga, ƙa'idojin sun hau kansu, ban da ta mafi ƙarancin kuɗin da za a ware.

A manyan biranen nan, adadin kuɗin ba a bar shi ga ganin damar magajin gari ba. Ba zai gaza rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da birnin ya kashe ba, kamar yadda rahoton ƙarshe na aiwatar da kasafi ya nuna. Birnin da ya kashe zuloti (kuɗin Folan) biliyan 1, dole ya ware aƙalla miliyan 5. A lura cewa an ɗora lissafin a kan abin da aka riga aka kashe. Da an ɗora shi a kan hasashen shekara mai zuwa, da mai riƙe da alƙalami ya sami hanyar rage shi.

Sai kuma jimla ɗaya da ta fi duk sauran nauyi: ayyukan da jama'a suka zaɓa za a shigar da su cikin kasafin birnin, kuma majalisar birni ba ta da ikon cire su ko ta sauya su sauyi mai yawa yayin da take muhawara. Duk wanda aka nuna wa wani tsari aka ce masa kasafin jama'a ne, wannan jimlar ya kamata ya fara nema. Idan babu irinta, abin da ke hannunsa taron jin ra'ayi ne kawai da aka sauya wa suna.

Dokar ta bar wa majalisar kowane birni ta rubuta ƙa'idojin aiki, amma ta gindaya mata iyaka. Sa hannun da za a nema kafin a karɓi shawara ba zai wuce kashi 0.1 cikin ɗari na mazauna yankin da kuɗin ya shafa ba. Unguwa mai mutum 20,000, sa hannu 20 ne iyaka. An yi haka don kada a ce wa mai shawara ya tara dubban sunaye, aikin da sai ƙungiya mai kuɗi ko jam'iyya ke iyawa. Dole kuma a fayyace yadda za a tantance shawara, a buɗe hanyar ɗaukaka ƙara ga wanda aka ƙi tasa, ƙuri'a ta kasance kai tsaye, kowa da kowa daidai. An yarda a raba kuɗin asusu-asusu, wani na birnin baki ɗaya, wasu na unguwanni.

Tantancewa, inda shawarwari ke mutuwa

Tsakanin miƙa shawara da ranar ƙuri'a, ma'aikatan hukuma ne ke riƙe da wuƙa da nama. Tambayoyin da suke yi kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma mai shawara zai iya amsa su tun kafin ya cika takarda.

Filin na wane ne? Hukumar birni ba ta iya gini a filin da ba nata ba. Wani fegi da kowa ya ɗauka na gwamnati ne yakan zamana na magada, ko na kamfanin jirgin ƙasa, ko yana gaban kotu. Akan ƙi shawarwari masu kyau da yawa a kan wannan kaɗai, alhali tambaya ɗaya a ofishin filaye ta isa ta warware. Sai hurumi: idan titin na gwamnatin tarayya ne, ko asibitin na jiha, birni ba shi da ta cewa komai yawan ƙuri'a.

Sai nau'in kuɗin, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kasafi yana da kuɗin manyan ayyuka, wato gini da sayen kayan da za su daɗe, yana kuma da kuɗin yau da kullum, wato albashi, mai, wuta da gyara. Birane da dama na farkon kaɗai suke sakawa a tsarin. A shirin kansilolin Niyu Yok, aikin sai ya kai dala 50,000 kuma ya zama mai ƙarkon aƙalla shekara 5. Ma'ana za a iya gyara ɗakin karatu, amma ba za a iya ɗaukar malamin da zai koyar a cikinsa ba. A Faris ma ana ƙin shawarar da za ta jawo wa birni ɗawainiya mai yawa ta kowace shekara. Ƙa'idar tana da hujja, tunda bayan gida na jama'a da babu mai wanke shi ba ya rufa wata shida. Sai dai tana karkatar da tsarin zuwa ga kankare da ƙarfe, alhali abin da ke damun unguwa sau da yawa rashin ma'aikaci ne. Mai shawara mai wayo yakan rubuta, a cikin takardar, wane sashe ne zai kula da abin bayan an gama da nawa zai ci a shekara.

Ƙiyasin kuɗi ma tarko ne. Mazaunin unguwa yakan lissafa farashin fitila ya manta da zanen injiniya, haƙa, waya, izinin kamfanin wuta da ribar ɗan kwangila. Ma'aikata su sake lissafi, kuɗin ya ninka, ya haura iyakar da aka sa wa aiki ɗaya, a jefar da shawarar. Ƙa'ida mai kyau tana tilasta wa ofishin ya kira mai shawarar su zauna, a rage girman aikin ko a sauya wuri, kafin a yanke hukunci. Kuma duk ƙin da aka yi a rubuta dalilinsa a fili. "Ba ta dace da tsare-tsaren hukuma ba" bai isa dalili ba, domin da wannan jimlar za a iya kashe kowace shawara da ba ta yi wa ofis daɗi ba. Amfanin ɗaukaka ƙara ke nan, muddin ba teburin da ya ƙi shawarar ne zai saurari ƙarar ba.

Wa ke jefa ƙuri'a, kuma yaya ake ƙirgawa

Sharaɗin galibi zama a birnin ne, ba katin zaɓe ba. A Niyu Yok ɗan shekara 11 yana jefawa, kuma ba a tambayar takardun zama ƙasa. A Faris ma ba a duba ƙasar da mutum ya fito. Ga ɗan haya, baƙo da matashi, wannan yakan zama karo na farko da hukuma ta ƙirga muryarsu a kan kuɗi.

Yadda ake ƙirgawa kuwa ba a cika kula da shi ba, kuma shi ke iya haɗa gari ko ya raba shi. Hanyar da aka saba ita ce a jera ayyuka daga mai ƙuri'a mafi yawa, a yi ta ɗauka har kuɗi ya ƙare. A ɗauka mutum 10,000 suka yi zaɓe a kan miliyan 1. Dubu shida daga gabashin gari suke, dubu huɗu daga yamma, kowa ya zaɓi ayyukan ɓangarensa. Duk wani aikin gabas zai zo gaban duk wani aikin yamma, kuɗin ya ƙare kafin a iso kansu. Mutum dubu huɗu sun fito sun koma hannu rabbana, baɗi kuma ba za su fito ba. Haka ma makaranta mai ɗalibai dubu, idan ta tura takarda ga iyaye, takan lashe asusun unguwa shekara bayan shekara. Shi ya sa wasu birane suka ware wa makarantu asusunsu daban, ko suka sa sharaɗin cewa abin da aka gina ya kasance buɗe ga kowa.

Magani mafi sauƙi shi ne raba asusu unguwa-unguwa. Akwai kuma wata hanyar ƙirga da garin Wieliczka na Folan da Aarau na Suwizalan suka yi amfani da ita a 2023. Ana raba kuɗin a lissafe tsakanin masu zaɓe, kowa ya sami rabo daidai. A misalinmu kowa yana da 100. Aikin 300,000 zai wuce ne idan magoya bayansa suna da ragowar rabon da zai biya shi, kuma da zarar an kashe rabon mutum a wani aiki, nauyinsa ya ragu a zagaye na gaba. Da haka mutanen yamma za su sami ayyukan da suka kusa kai 400,000 ɗinsu. Tana da wuyar bayani a bakin akwati, wannan gaskiya ne, amma sakamakonta ya fi kusa da adalci.

Porto Alegre ta bi wata hanya dabam, wadda har yanzu akwai abin koyi a cikinta. An raba birnin yanki 16, kowane yanki ya yi taro ya jera buƙatunsa ya zaɓi wakilai. Rabon kuɗi kuma yana bin ma'auni uku: yawan jama'a, tsananin rashin abin da ake nema, da matsayin da yankin ya ba buƙatar. Yankin da ba shi da magudanar ruwa yana samun maki fiye da wanda yake da ita, ko da bai fi shi baki ba. Wakilai kan zaga su ga unguwannin juna, kuma wanda ya zo da kukan ramin titi, idan ya ga inda babu ruwan famfo, yakan sassauta. Haɗin kan da ake yawan danganta wa tsarin daga irin wannan zama yake fitowa. Ƙuri'a ta intanet tana ƙara yawan masu shiga, amma mutum yana dannawa ne shi kaɗai, bai ji uzurin kowa ba. Birnin da ke neman biyun sai ya riƙe taron unguwa kafin ƙuri'a, a lokacin da mai aikin rana da mai goyo za su iya zuwa. Faris ta ɗauki wani ɓangare na wannan tunani da ta keɓe kaso na musamman ga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi.

Sai dai tsarin Porto Alegre bai sami cikakkiyar doka da ta ɗaure magajin gari ba. Mahalarta ne ke sabunta ƙa'idojinsa duk shekara, abin da ya ba shi sassauci amma ya bar shi a hannun mai mulki. Jam'iyyar da ta kawo shi ta faɗi zaɓe a 2004, ayyukan da aka amince da su suka riƙa taruwa ba a yi ba, har aka dakatar da tarukan a 2017. Dokar Folan ta kauce wa wannan, ko da yake rabin kashi ɗaya cikin ɗari ɗan tsito ne. Sauran kashi 99.5 yana nan inda yake, kuma fitilun lungu ba sa maye gurbin bin diddigin manyan kwangiloli.

Bayan an sanar da sakamako

Shigar aiki cikin kasafi bai sa an yi shi ba. Za a tallata kwangila, kuma mai yiwuwa duk 'yan kwangilar su kawo farashin da ya fi ƙiyasi. A nan ƙa'ida ta kamata ta faɗi tun farko me zai biyo baya: birni zai cike giɓin daga wani asusu, ko za a rage aikin da yardar mai shawara, ko za a sake tallatawa. Inda aka yi shiru a kan wannan, aikin yakan kwana a fayil har shekarar kuɗi ta ƙare, kuɗin ya koma baitulmali. Don haka a duba ko an tanadi cewa kuɗin aikin da bai kammalu ba zai tsallaka zuwa shekara ta gaba da sunansa.

Dokar Peru ta tanadi kwamitin sa ido da mahalarta ke zaɓa daga cikinsu, wanda aikinsa bin ayyukan da aka amince da su da kai rahoto idan an saɓa. Ko babu irin wannan kwamiti a doka, mazauna za su iya neman hukuma ta wallafa jadawali ɗaya mai sauƙi: sunan kowane aiki, kuɗin da aka amince, kuɗin da aka biya zuwa yanzu, sunan ɗan kwangila, sashen da ke da alhaki, da ranar da aka yi alkawarin gamawa. A sabunta shi duk wata uku, kuma a gabatar da na bara a taron farko na bana kafin a karɓi sabuwar shawara ko ɗaya.